Awon sukari kafin karin kumallo: me yake faɗa game da zuciyarka?

A shirinmu na lafiya mun tattauna awon da a ɗakunan gwaji na Omdurman ake kira "sukkar sa'im", wato awon sukarin jini da ake yi kafin mutum ya ci komai da safe.

Da farko, wannan ba azumin Ramadan ba ne fa. Abin da ake so shi ne ka yi aƙalla awa 8 ba ka ci abinci ba, amma ruwa zalla ba laifi. Idan ka tsaya wurin mai shayi a Dar Salam ka sha kofi ɗaya da zalabiya kafin ka isa, to ka ɓata awon, sai a sake wata rana.

Ga yadda ake karanta takardar: ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ƙofar ciwon sukari. Idan ya kai 126 ko ya wuce, a awo biyu daban-daban, ciwon ya tabbata.

To ina ruwan zuciya da wannan? Sukari idan ya daɗe da yawa a jini, yana cinye santsin cikin jijiyoyi. Sai kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta ƙuntata, jini ya kasa isa ga zuciya ko ƙwaƙwalwa. Shi ya sa haɗarin ciwon zuciya ga mai ciwon sukari ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi. Kuma haɗarin yana soma hawa tun kafin a kai 126. Wani ma zuciyarsa za ta samu matsala bai ji ciwon ƙirji ba, sai kasala, gumi ko haki, don sukarin ya kashe masa ji.

Maganar ta shafe mu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kusan miliyan 3.5 ke da ciwon a Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuwa, da yawa sun rasa magani da wurin awo.

Amma bakin ƙofa ba cikin ɗaki ba ne. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna cewa rage ƙiba kaɗan da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako sun rage haɗarin faɗawa ciwon da kashi 58 cikin 100.

Saboda haka Baba, Inna, a rage cokalin sukari a shayi da zoɓo. Mai taba ya bari. Ranar awo kuma a roƙi likita ya haɗa da hawan jini da kitsen jini, don su ukun tare suke yi wa zuciya illa. Allah Ya ƙara mana lafiya.