CIWON SUKARI: ME KE HANA MU AWO?

Ciwon sukari ba ya shiga da sallama. Ƙishirwa, yawan fitsari, rama da mikin da ya ƙi warkewa suna nuna shi, amma awo kaɗai ke tabbatarwa. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa. Da safe kafin a karya kumallo, jinin mai lafiya yana nuna giram 0,70 zuwa 1,10 a lita. In ya kai 1,26 har sau biyu, to ciwon ne. Daga nan sai awo a kai a kai, don likita ya san ko magani yana aiki.

To me ya sa da yawa cikinmu ba sa komawa awo? Ba taurin kai ba ne. Ƴar takardar da ake ɗiga wa jini sau ɗaya take aiki, kuma saye ake yi. Maganin kyauta da gwamnati ta kafa a 2006 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne da mata masu ciki. Dattijo mai ciwon sukari aljihunsa ne gatansa.

Ga kuma hanya. Mutumin ƙauyen dutse a Buza ko Keita sai ya biya kabu-kabu zuwa da dawowa. Da damana ƙorama ta yanke hanya, rumbu ya yi ƙasa, gona na jira. Tsakanin tiyar hatsi da awo, kowa ya san wanda maigida zai zaɓa. Matar da mijinta ya tafi bida Abijan ko Libiya kuwa, sai ta jira aike. Ana cikin jira, ciwon na cin ido da ƙoda da ƙafa a ɓoye.

Ga shawararmu, ƴan uwa. Manomin albasa na Madawa, ranar da ka sayar da buhunanka, ware kuɗin awo kamar yadda kake ware na iri. Mata, ku sa awo cikin abin da asusunku ke ɗauka. Mu haɗa ranar awo da ranar kasuwa, kuɗin mota ya zama ɗaya. Mai na'ura a gida ya ɓoye takardun daga zafi da laima, ya duba ranar lalacewarsu.

Mu da muka koyi karatu, mu riƙe littafi: rana, lokaci, lamba. Mu rubuta wa maƙwabcin da bai iya ba, ya kai wa likita. Rigakafi ya fi magani.