Kuran na iska da shamuwar garinmu

Jama'a manoma, tun da aka yanke kuran daga Najeriya a watan Agusta na 2023, kowa ya gane amfanin wutar gida. Iska kuwa muna da ita. A 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy don kafa injunan iska har 60 a Tarka, cikin jihar Tawa. A Lambar Rimi ta Katsina an riga an kafa 37. In abin ya iso Arewa, bisa tuddan Dogon Dutsi da Tibiri za a fara dubawa, can ne iska take da ƙarfi.

Injin dogon ƙarfe ne mai fukafukai uku. Daga nesa kamar a hankali yake juyawa, amma bakin fiffiken babba yana wuce kilomita 200 a awa. Tsuntsun da ya gitta ba ya tashi.

Wa zai yi asara? Mu. Shamuwa tana iso mana gab da damana, ta yi sheƙa bisa gawo da tsamiya cikin gari, ta yini tana tsintar fara da tsutsa cikin hatsi. Ba ta karɓar ko dala, maganin feshi kuwa kun san kuɗinsa. Sa'a guda ita ce, da kaka takan tafi kudancin Afirka, don haka iskar hunturu ba ta tarar da ita. Ungulu ce abin tsoro: tana nan rani da damana, tana shawagi bakin duwatsu, idonta a ƙasa wajen neman mushe. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Akwai dabara. A tsibirin Smola na Norwe an shafa wa fiffike guda baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. A Gabal el-Zeit ta Masar masu gadi ke tsayar da injuna in garke ya tunkaro. Amma a ganina zaɓen wuri ya fi duka: a nisanci fadamar Dallol Mauri da tabkunan da tsuntsaye ke sauka.

Masu awo daga Yamai kwana kaɗan suke yi, sau da yawa da rani. Ku ne kuka san itacen da shamuwa ke komawa kowace shekara. Ku ƙidaya sheƙunan garinku a damanar bana, ku kai lissafin wurin maigari da ma'aikacin gandun daji, a rubuta a ajiye.