Rangwamen Haraji Kan Ladan Mai Rubuta wa Nakasasshe Darasi a Kanada

Gabatarwa

Tun da muka shiga aji ɗaya nake lura da wani ɗan ajinmu da shan inna ya taɓa wa hannun dama. Malami na bayani, mu muna rubutu, shi kuwa sai ido. Bayan an tashi sai ya bi mu yana aron littafi, wani lokaci ya biya kuɗi a kwafe masa. Wannan ne ya sa na binciki yadda wata ƙasa, wato Kanada, take ɗaukar irin wannan kuɗi a dokar harajinta.

Hanyoyi Biyu

A Kanada, ladan da nakasasshe ya biya mai rubuta masa bayanin lacca ko taro yana cikin kuɗin da ake yi wa rangwamen haraji. Hukumar tara haraji ta ƙasar, wadda ake kira CRA, ta tanadi hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce a lissafa shi cikin kuɗin neman lafiya, kuma a kasafin kuɗin 2003 aka shigar da aikin rubutu cikin wannan jeri. Sai dai ba dukkan kuɗin ake dubawa ba. Ana fara cire kashi 3 cikin 100 na abin da mutum ya samu a shekara, ko wani adadi da hukuma ta ƙayyade, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Iyaye ko miji ko mata na iya neman wannan rangwame idan su suka biya.

Hanya ta biyu an ɓullo da ita ne a 2004, domin nakasasshen da ya kashe kuɗi don ya yi aiki, ko karatu, ko bincike. A nan ana cire kuɗin daga abin da ya samu kafin a yanka masa haraji, muddin bai haura iyakar da doka ta sa ba. Amma nakasasshen ne kaɗai zai nema, ta hanyar cike fom mai lamba T929.

Ga misali. A ce a 2024 ɗaliba ta samu dala 20,000, ta biya mai rubutu dala 1,500. Ta hanyar farko za a cire dala 600, saura 900, sai a rage mata kashi 15 cikin 100 na wannan, wato dala 135 daga harajin tarayya. Ta hanya ta biyu kuwa duka 1,500 za a cire, ragin ya kama dala 225. Ka ga ke nan zaɓi yana da muhimmanci.

Sharuɗɗa

Na farko, dole likita ko wani ma'aikacin lafiya da doka ta amince da shi ya shaida a rubuce cewa mutumin yana bukatar wannan taimako saboda nakasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Na biyu, wanda aka biya ya kasance sana'arsa ke nan. Ihsanin da ka yi wa abokin da ya ara maka littafi bai shiga ciki ba. Na uku, ba a neman rangwame sau biyu a kan kuɗi ɗaya, kodayake ana iya raba shi tsakanin hanyoyin. Haka nan kuɗin da inshora ta mayar wa mutum ba ya cikin lissafi. Sannan a adana rasit har shekara 6, domin hukuma na iya nema.

Kammalawa

Abin da ya fi burge ni shi ne hikimar da ke bayan dokar: kuɗin da nakasasshe ya kashe don ya kamo takwarorinsa ba riba ba ce, bai kamata a yanka masa haraji a kai ba. A Nijeriya an sa hannu kan dokar hana wariya ga nakasassu a Janairun 2019, amma ɗan ajinmu daga aljihunsa yake biyan mai kwafa. Kafin hukuma ta waiwaye shi, mai karatu, mu gyara rubutunmu, mu miƙa masa littafi tun bai roƙa ba.