Lafiyar yara a rawda: abin da Sabha ke buƙata

A Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, makarantar ƙananan yara rawda ake ce mata. Cikin ɗaki ɗaya za ka tarar da 'ya'yan Larabawa da na Tubawa da na Buzaye, da kuma 'ya'yan Hausawan da neman abinci ya kawo iyayensu daga Agadas ko Damagaram ko Kano. Kowa da inda ya fito, amma iska ɗaya suke shaƙa, kofi ɗaya kuma yakan zagaya bakinsu.

Saboda haka aikin yana farawa tun ranar rajista, da katin rigakafi. Mai rawda ta karɓa ta duba da idonta, musamman allurar ƙyanda, wadda sau biyu ake yi, ta farko idan yaro ya cika shekara. Yaron da aka haifa a hanya, ko katinsa ya ɓata a Sahara, bai kamata a kore shi ba. A tura uwarsa cibiyar lafiya a cike abin da ya rage. Ƙyanda ta ɓarke a Libiya a 2018, har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, da taimakon UNICEF da WHO, ta yi gangamin rigakafi a ƙarshen shekarar. Muguntar cutar ita ce, yaro yana yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce.

Sai duba na safe a bakin ƙofa. Malama ta taɓa goshi, ta kalli ido. Mai zazzaɓi ko jan ido ko gudawa ya koma gida. Iyaye za su yi gunaguni, domin uwa mai fita aiki ba ta da inda za ta aje shi, amma gara gunagunin gida ɗaya da kwanciyar aji guda.

Inda aka fi sakaci shi ne ruwa. Sabha daga rijiyoyin burtsatse take sha, injinansu kuma da lantarki suke aiki. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, sai a koma kan tankin da ya daɗe ba a wanke ba. To, a riƙa wanke tankin, a rufe shi, na sha a tafasa ko a sayi tatacce. A ware wani don wanke hannu da sabulu bayan bayi da kafin cin abinci, kowane yaro kuma da gorarsa. Idan gudawa ta kama yaro, a jiƙa ƙunshin ORS ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin iyaye su iso. A gida a haɗa masa da zinc na kwana 10 zuwa 14.

Zafin garin yakan haura digiri 40, yaro kuwa idan wasa ya yi daɗi ba ya tuna ƙishirwa. A ba su ruwa ba sai sun tambaya ba, wasan tsakar gida kuma a yi shi da sassafe. Ranar da iskar gibli ta taso da ƙura, a rufe tagogi, a sa ido kan masu asma.

Akwai kuma kunama, wadda dafinta kan yi wa ƙaramin yaro illar da ba ya yi wa babba. A kakkaɓe takalma da tabarmi kowace safiya, a kwashe tarin bulo da itace daga filin wasa. In ta harbi yaro, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure. A wanke da ruwa da sabulu, a ɗauke shi kai tsaye zuwa babban asibitin Sabha, a kira iyaye daga hanya.