BODMAS: Abin da ke gaskiya da abin da ba haka ba

Yaron da ke JSS 1 a Ƙofar Atiku a Sakkwato zai rera maka BODMAS, dokar da ke faɗin aikin da ake fara yi a lissafi, ba gargada, amma ka ba shi 10 − 3 + 2, sai ya ce 5. Ya tara 3 da 2 tukuna, don an gaya masa tarawa tana gaban ɗebewa tunda a BODMAS A (tarawa) ta riga S (ɗebewa) zuwa. Wannan ba gaskiya ba ne. Tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bin su zuwa dama, amsar kuwa 9 ce. Haka rabawa da ninkawa suke. A ganina laifin na haddar haruffa ne, ba na yaron ba.

Akwai masu cewa dokar Amurka daban take, wai shi ya sa amsarsu ke saɓa wa tamu. Su PEMDAS suke cewa, amma sunan ne kawai ya bambanta. Ɗalibin Sakkwato da na Amurka, in sun bi ƙa'ida, amsa ɗaya za su samu.

Zancen cewa kalkuleta biyu na iya ba da amsa biyu kuwa gaskiya ne. Je wurin mai shayi: burodin naira 500 da ƙwai uku, kowanne naira 200. Kuɗinka 500 + 3 × 200, wato 1,100. Ƙaramar kalkuletar kanti tana aiki ne da abin da aka danna mata bi da bi, sai ta haɗa 503 ta ninka sau 200, ta nuna 100,600. Mai shayin da bai taɓa jin BODMAS ba ya san kuɗin ƙwai ake fara fitarwa. Dalilin dokar ke nan, kuma daga nan ya kamata malami ya fara darasin.

Sai 8 ÷ 2(2 + 2), wanda ya tada ƙura a Twitter a 2019. Google ya ba da 16, wasu kalkuletocin kimiyya suka ba da 1, saboda suna ɗaure lambar da ke manne da baka kafin su raba. Masanin lissafi Steven Strogatz ya yi rubutu a kai a New York Times, ya ce bisa ƙa'idar da aka saba 16 ce, amma ya nuna an rubuta tambayar ne a cukurkuɗe. Da an ƙara baka guda, (8 ÷ 2)(2 + 2), da babu gardama.