Wata Biyu Sai Kondengui? Dokar Haya da Zaman Birik

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, yara suka koma makaranta, aljihun iyaye ya yi fayau, sai tsohuwar maganar nan ta sake tashi a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, wadda mazaunanta suka fi kira Birik. Za ka ji ta a teburin mai shayi, a bakin shagon tela, da cikin saƙon murya da ake ta turawa a WhatsApp: wai duk wanda kuɗin hayar wata biyu ya hau kansa, mai gida na iya sa a ɗauke shi sai gidan yarin Kondengui. Masu gidaje na faɗin ta da ƙarfin gwiwa, 'yan haya na jin ta cikinsu na ɗurar ruwa, kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa sa aka karanta masa dokar tun daga farkonta har ƙarshe.

Dokar dai tana nan, ba ƙage ba ce. Sashe na 322-1 ne na kundin hukunta laifuka na Kamaru, wanda aka sa wa hannu ranar 12 ga Yuli 2016. Ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga cikin biyun, sannan idan kotu ta kama mutum da laifin ta ba da umarnin a fitar da shi daga gidan. A ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a 2023 kan sefa 60,000 ga yawancin ma'aikatan kamfanoni, ko tarar kaɗai ta isa ta karya mutum. Tun ana muhawarar dokar a majalisa lauyoyi suka yi mata ca, suna tuna wa gwamnati cewa Kamaru ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin jama'a da na siyasa tun 1984, wadda sashenta na 11 ya hana a ɗaure mutum don kawai ya gaza cika alƙawarin ciniki. Ba a saurare su ba.

Sai dai masu yaɗa maganar rabin jimla suke ɗauka su bar rabi. Laifin yana zaune ne kamar tukunya a kan murhu, duwatsu uku ke riƙe da shi, ka zare ɗaya tukunya ta kife. Dutse na farko bashin wata biyu, shi ne kowa ya haddace. Na biyu, sai an kai wa ɗan haya takardar gargaɗi cewa ya biya ko ya tashi, wadda a al'ada wisiye ke kaiwa, wato jami'in nan mai isar da takardun shari'a, sannan a jira wata guda cif. Idan ya biya cikin watan nan, magana ta mutu. Idan ya kwashe kayansa ya tashi, babu laifi a kansa, ko da yake bashin na nan a wuyansa. Ihun da mai gida ya yi a tsakar gida da asuba, ko aiken da ya yi ta bakin yaronsa, ba shi ne gargaɗin da zai iya kafa hujja da shi gaban alƙali ba.

Dutse na uku shi ne wanda kusan babu shi a Birik: dole yarjejeniyar hayar ta kasance an yi mata rajista yadda doka ta ce. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma ruɗanin nan ne ya fi ba ni haushi, domin har masu ilimin boko na faɗawa cikinsa. Sa hannu a gaban shaidu biyu ba rajista ba ce. Hatimin mai unguwa ba rajista ba ne. Kai takarda komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a buga mata tambari, abin da jama'a ke ɗauka shi ne ƙarshen komai, tabbatar da sa hannu ne kawai, wato shaidar cewa wane ne ya sa hannun. Rajistar da doka ke nufi a ofishin haraji ake yin ta: a kai yarjejeniyar, a lissafa wani kaso na kuɗin hayar a biya gwamnati, a manna tambura, a shigar da ita littafi. Mai gidan da bai taɓa taka ofishin haraji da takardar ɗakinsa ba, barazanarsa ta Kondengui iska ce. Yana iya zuwa ya yi rajistar daga baya, gaskiya ne, amma sai ya biya tarar jinkiri, kuma daga ranar jami'an haraji sun san yana da gidan haya da abin da yake karɓa. Mutane ƙalilan ne za su kai kansu gaban mai haraji don bashin ɗaki ɗaya.

Wanda bai san unguwar ba zai ce to me ya hana a yi rajistar tun farko. Amsar tana cikin yadda Birik ta ginu. Jamusawa suka kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, suka buɗe wurin toya bulo a yankin da 'yan ƙasa Ewondo ke kira Ekoudou. Fatake Hausawa sun biyo hanyar Ngaoundéré da Tibati da Yoko da shanu da tufafi, suna komawa da goro da hauren giwa. Da farko kusa da tsakiyar gari suka zauna, daga baya a zamanin Faransa aka matso da zangon nasu zuwa inda yake yau. Zango kuwa kowa ya san tsarinsa, daga Kumasi har unguwar Sabo ta Ibadan: baƙo ya sauka wurin mai masauki, a ba shi ɗaki da tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da masu saye. Amana ce jarin, takarda kuma kusan zagi ce. Har yau idan matashi ya zo daga Maroua ko Garoua, ko Maraɗi ko Kano, ba allon talla yake bi ba. Wani ɗan garinsu ne zai riƙe hannunsa bayan sallar la'asar ya kai shi gaban dattijo ya ce, "Baba, wannan yaronmu ne, ɗaki yake nema." Wannan kalmar ita ce yarjejeniyar.

Kuma ɗakin yana da masu nema. Birik tana manne da tsakiyar birni, a ƙafa mutum zai je kasuwar Mokolo, a ƙafa zai gangara Warda, Tsinga na nan kusa da babbar cibiyar Musuluncinta. Wanda ya zauna a nan ya huta da kuɗin tasi na safe da yamma, abin da ke cinye albashin mazauna bayan gari. Yana jin kiran salla daga ɗakinsa, matarsa na cefane da Hausa ko Fulatanci, gawarsa ba za ta rasa masu wanka ba. Ga sana'a a bakin ƙofa: teloli da masu surfani, masu shadda da atamfa, masu canji, da masu tsiren da suka sa manyan gari ke ajiye motocinsu da dare a wurin da ake wa laƙabi da ma'aikatar soya. Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Bamun da mutanen Mali da Senegal da Nijar duk a lungu ɗaya. Fili kuwa ba ya ƙaruwa. Saboda haka gidan da kaka ya gina don iyalinsa an yanka shi ɗaki-ɗaki, an cike tsakar gida da ƙarin gini, har lungun shiga ya koma sai mutum ya karkata kafaɗa idan ya haɗu da mai ɗauke da bokiti.

Shiga irin wannan gida ka ga yadda ake lissafi. Famfo ɗaya ne, da kwado a kansa, mabuɗin na hannun Hajiya. Mitar wuta ɗaya ce a zaure, wayoyi sun fita daga jikinta zuwa ɗakuna goma, ƙarshen wata a raba kuɗin bisa yawan ƙwan fitila da firji da dutsen guga, kuma kullum akwai wanda ake zargi ya ɓoye abin dafa ruwa a ƙarƙashin gado. Kuɗin haya na cikin wani littafin 'yan makaranta mai bangon da maiƙo ya taɓa, kowane ɗaki da shafinsa, wani wurin da boko wani da ajami. Littafin a hannun mai gida yake kwana. Ɗan haya da ya biya watanni da yawa gaba ɗaya kafin a ba shi mabuɗi, ya ƙara da kuɗin ajiya, ya ba dillali la'adarsa, sau da yawa ko guntun rasit ba shi da shi. Ranar da aka yi saɓani, abin da ke shafin shi ne gaskiya. Abin mamaki, a unguwar da yara ke haddace ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda take umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu, a nan ne neman rasit ya zama rashin kunya.

Kada kuma a ɗauka masu gidan nan duk attajirai ne. Da yawa gidajen gado ne da ba a raba ba, magada goma sha, wasu a Douala wasu a Makka, kowa na jiran rabonsa daga kuɗin ɗakuna shida. Akwai gwauruwar da hayar ɗaki uku ce abincinta da maganinta. Idan ɗan haya ya ce mata, "Hajiya, a ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata," karo na huɗu, ba ta da kuɗin wisiye balle na lauya. Hanyar da doka ta bar mata ita ce kotun farar hula, ta nemi a raba yarjejeniya a fitar da shi a biya ta, kuma wannan hanya doguwa ce mai cin kuɗi. Shi ya sa ake komawa ga abin da aka saba: a cire ƙyauren ɗaki, a yaye kwano ɗaya a tsakiyar damina, a yanke waya, a sa kwado a banɗaki. To wannan fa shi ne zai iya kai mai gida gaban alƙali. Ɗakin da ka ba da haya mazaunin wani ne a idon doka, kutsawa cikinsa ko watsar da kayan mutum waje ba da hukuncin kotu ba laifi ne, ko da kai ka ɗora kowane bulo na gidan. Waɗanda suka rubuta sashe na 322-1 da alama gidajen unguwar attajirai ta Bastos suke hange, inda ake da lauya da yarjejeniya mai shafi goma. Gwauruwar Birik ba ta sami komai a ciki ba sai kalmar tsoratarwa.

Masu hayar shaguna lamarinsu daban ne, kuma yawancinsu ba su san ƙarfin da suke da shi ba. Hayar wurin sana'a tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da Nijar da Chadi ke ciki amma ban da Najeriya, wadda babbar sakatariyarta ma a Yawunde take. Dokar, yadda aka sabunta ta a 2010, ta amince da yarjejeniya ko rubutacciya ce ko ta baka. Telan da ya shekara biyu yana aiki a shago bisa sharaɗin da aka yi yana da haƙƙin a sabunta masa haya. Idan ba a yanka wa'adi ba, sai an ba shi sanarwar wata shida. Mai shagon da ya ƙi sabuntawa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, misali don wani ya zo da tayi mai tsoka gab da Salla, sai ya biya diyyar tashi. Amma telan zai fara da tabbatar da cewa ya yi shekara biyun, kuma ga littafi a hannun mai shagon.

Ni a ganina, abin da ya kamata ya hana ɗan hayar Birik barci ba Kondengui ba ne, jan fenti ne. Waɗanda suka ga zamanin Gilbert Tsimi Evouna, wanda ya riƙe hukumar birnin daga 2005 zuwa 2020, ba su manta da alamar gicciye da ake shafawa da jan fenti a bangon gidan da za a rushe ba. A ƙarshen shekarun 2000 katafila ta shiga unguwannin Ntaba da Etetak, ta taɓa wani sashe na Birik, a daidai lokacin da Sinawa ke gina babban zauren wasanni na Warda da aka buɗe a 2009. Tun dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974 da dokar da ta biyo ta a 1976, takardar mallaka ta hukuma, titir fonsiye, ita ce kaɗai cikakkiyar shaidar cewa fili naka ne. Takardar cinikin da kakan wani ya rubuta da wani dattijon Ewondo, komai tsufanta, ba ta kai wannan matsayi ba. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1985 kuma ta ce babu diyya ga ginin da ya tsufa yana shirin faɗuwa, ko wanda aka yi shi saɓanin ƙa'idar tsara birni. Duba gidajen laka da katako da ke gangaren rafukan Abiergué da Ekozoa, inda ruwan Oktoba ke shiga ɗaki ya ɗaga tabarma, ka faɗa mini nawa ne za su tsallake wannan sharaɗi. Hukuma ta bar mutane sun yi shekara da shekaru suna gini a bakin rafi tana kallo, ranar da ta tuna da ƙa'ida kuma sai ta zo da katafila.

Idan hakan ta faru, mai gida mai titir na iya bin diyyarsa, marar titir ya yi ta zarya a ofisoshi. Ɗan haya ba ya cikin lissafin kowa. Watannin da ya biya gaba suna hannun mutumin da shi ma yanzu a waje yake kwana. Shi ya sa tambayar da ta fi "nawa ne ɗakin" amfani ita ce ko gidan na da titir, da sunan wa, kuma wane ne cikin magada aka wakilta ya karɓi kuɗi. Dillali ba zai so tambayar ba, zai ce akwai mutum uku da ke jiran ɗakin.

Wasu matasan sun samo wata dabara da ba ta ɓata wa kowa rai. Ba sa neman rasit daga dattijo, sai su ce, "Alhaji, kuɗin na cikin waya, bari in tura maka." Su tura ta Orange Money ko MoMo na MTN, saƙon ya fito da rana da adadi da lambar wanda ya karɓa, su ɗauki hotonsa su ajiye. Wannan ba rajista ba ce, ba zai mayar da hayar baka ta zama ta ofishin haraji ba, amma abu ne da za a iya nuna wa mai unguwa ko liman ko alƙali ranar da shafin littafin ya ce wata uku, ɗan haya kuma ya ce ɗaya.