Bindiga a Agadas: Cinikin da Kuɗi da Shaidu Ba Su Isa Su Halatta Shi Ba

A kasuwar dabbobi ta Agadas, mai son raƙumi ba ya neman takarda daga Yamai. Dillali ya san mai dabba, an buɗe baki an duba haƙora, an duba shaidar wuta da ke jikin fata, an yi tayi, mai kaya ya ce albarka, an ƙara, ya sallama. Shaidu sun gani, an biya la'ada, ciniki ya faɗa. Da wannan idon ne mutane da yawa suke kallon bindiga: tunda da kuɗinsa ya saya, mai ita ya sallama da bakinsa, ba sata aka yi ba, ai ta zama halaliyarsa.

Doka ba haka take gani ba. A Nijar, bindiga na cikin kayan da yardar mai saye da mai sayarwa ba ta isa ta halatta cinikinsu. Akwai na uku da dole a ji ta bakinsa tun kafin kuɗi ya fita daga aljihu, wato hukuma. Wanda ya tsallake ta, komai kyan niyyarsa, ranar da jandarma suka buɗe jakarsa a shingen hanyar Arlit ko ta Dirku, sunansa mai riƙe da makami ba bisa ƙa'ida ba.

Tushen wannan ƙa'ida tsoho ne. Tun ranar 23 ga Afrilu 1963, shekara uku bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta fitar da dokar da ta tsara yadda farar hula zai riƙe makami da harsashi, da yadda zai shigo da su ƙasa, da miƙa su ga wani, da kasuwancinsu. Ma'aikatar cikin gida ce ke riƙe da makullin. Mai nema yakan rubuta buƙata ya faɗi dalilinsa, a binciki halinsa da tarihinsa, sannan a ba shi ko a hana shi. Izinin da sunan mutum ake rubuta shi, kuma bindiga takamaimai yake nufi, mai lamba a jikinta. Saboda haka idan mai izini a Damagaram ya so ya sayar wa wani a Agadas, takardarsa ba ta bin bindigar zuwa hannun sabon mai ita. Mai saye sai ya samu tasa. Makaman yaƙi kuwa, irin kalash da ake yawan ambata a hirar 'yan tasha, ba ma sa cikin abin da farar hula zai nema.

Mai karatu zai iya cewa wannan tsananin namu ne kawai, ai ga Amurka can, inda ake sayen bindiga kamar gyaɗa. Gaskiya ne cewa babu ƙasar da ta kai ta yawan bindigogi a hannun jama'a. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai kimanin miliyan 393 a hannun farar hular Amurka, sun fi mutanen ƙasar yawa, alhali a Nijar ƙiyasinta bai wuce 117,000 ba. Amma ko a can, da zarar ciniki ya ƙetare iyakar jiha, labari ya sauya. Mutumin Texas da ya ga bindigar farauta a hannun wani mazaunin Oklahoma ba shi da ikon ya tuƙa mota ya je ya ƙirga masa dala ya ɗauko. Dokar tarayya ta 1968 ta hana wanda ba ɗan kasuwar makamai ba ne ya miƙa bindiga kai tsaye ga mazaunin wata jiha. Sai an bi ta hannun mai shago da ke da lasisin tarayya. A gabansa mai saye zai nuna katin shaida, ya cika takardar da ake kira 4473, a aika sunansa ga tsarin binciken da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998, a duba ko an taɓa yanke masa hukunci kan babban laifi ko akwai wani abin da ya haramta masa makami. Sai an ce babu sannan a miƙa masa.

Jini ne ya haifi wannan doka. Bindigar da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a 1963, ta gidan waya Lee Harvey Oswald ya yi odarta, da sunan ƙarya. Aka yi ta jayayya a majalisa shekara biyar, sai da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 sannan dokar ta wuce. Har yau akwai ɓaraka, domin a jihohi da yawa mutum biyu mazauna jiha ɗaya suna iya ciniki tsakaninsu ba tare da wani bincike ba. A Nijar babu wannan rabe-raben. Doka ɗaya ce daga Difa har Tillaberi, kuma ko maƙwabcinka na katanga ne zai sayar maka, sai da izini. Iyakar da ke da nauyi a nan ita ce ta ƙasa da ƙasa.

A wannan fannin kuwa Agadas ta sha bamban da sauran jihohi. Ita kaɗai ta fi rabin faɗin Nijar, tana iyaka da Aljeriya da Libiya da Cadi, ga tsaunukan Ayar, ga rairayin Tenere da babu mai iya kewaye shi da waya. Tun da can ta waɗannan hanyoyi bindiga ke shigowa. Lokacin da Kawusan, jagoran mayaƙan Abzinawa, ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas a watan Disamba 1916, tare da goyon bayan Sarkin Ayar Tagama, daga wajen Sanusawa na kudancin Libiya ya zo da bindigoginsa. Sai a watan Maris 1917 dakaru suka taso daga Damagaram suka karya ƙawanyar, kuma ramuwar gayyar da Faransawa suka yi a kan mutanen gari, har da malamai, ba ta fita daga bakin tsofaffi ba.

Tawayen shekarun 1990 ya sake cika arewa da makamai. Aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da Nijar ke hutunta duk shekara. Tun 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wadda aka fi sani da CNCCAI. Ranar 25 ga Satumba 2000, a zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka tara bindigogi fiye da dubu a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a, kamar yadda aka yi a Tumbutu a 1996. Babban biki ne, kuma ya cancanta. Sai dai shekara bakwai ba su cika ba ƙungiyar tawaye ta MNJ, ƙarƙashin Agali Alambo, ta kai hari Iferwan a watan Fabrairu 2007, aka koma gidan jiya har 2009.

Sai kuma 2011. Da gwamnatin Gaddafi ta soma rugujewa, rumbunan makaman da ya yi shekara arba'in yana tarawa suka zama ba mai gadi. A watan Yuni na wannan shekara sojojin Nijar suka yi arangama da wasu motoci a yankin Arlit, suka kama fiye da kilo 600 na nakiya. Mashigar Salvador, can inda Nijar da Libiya da Aljeriya suka haɗu, ta zama suna a bakin duk mai bincike kan fataucin makamai a Sahel. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake barikin soja na Agadas da ma'adinan Somaïr a Arlit a safiya ɗaya.

Amma abin da ya kai bindiga hannun talaka shi ne zinariya. A 2014 aka gano ta a Jado, sannan a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Dubban matasa suka kwarara daga Maraɗi da Tawa da Damagaram, daga Cadi da Sudan, da na'urar neman ƙarfe a kafaɗa. Inda dukiya ta taru nesa da alƙali, 'yan fashi ba sa jinkiri. Mai rami yana tsoron a ƙwace masa abin da ya haƙa, direba yana tsoron masu tare hanya, ɗan kasuwar da ke kai ruwa da abinci yana dawowa da kuɗi ko ɗanyen zinariya a ƙarƙashin kujera. Ayarin motocin da ke zuwa Dirku ya daɗe yana jiran rakiyar soja kafin ya kama hanya, amma ba kowace hanya ce ke da rakiya ba, ba kuma kowa ke iya jira ba. Wani rahoto da Savannah de Tessières ta rubuta wa Small Arms Survey a 2018 ya nuna yadda wannan tsoro ya buɗe kasuwar ƙananan bindigogi a arewacin Nijar, ciki har da masu ƙara kawai, ƙirar Turkiyya, da ake shigowa da su ta Libiya a sauya su su koma masu harba harsashi na gaske.

A nan ne ya kamata a yi wa mai neman bindiga adalci. Yawancin waɗannan mutane ba 'yan ta'adda ba ne. Magidanta ne da suka ga an tare abokinsu an bar shi a rairayi ba mota ba ruwa. Idan mutum irin wannan ya tambayi hanyar halal, sai a nuna masa Yamai, tafiyar kusan kilomita 950 a kan titin da ya ci tayoyi ya ƙoshi, da takardu cikin Faransanci, da jiran da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Idan ya tambayi ɗaya hanyar, wani ya san wani. Hukumar da ta bar ƙofar halal a nesa kuma a rufe da harshen da mai nema ba ya karantawa, tana da nata kason a cikin laifin. Ba a ce a raba izini ga duk wanda ya miƙo hannu ba. Amma ya kamata direban Agadas ya ji a rediyo, cikin Hausa da Tamashek da Tubanci, abin da doka ta yarda da shi da wanda ta hana, da ofishin da zai je a garinsa, ko da amsar da zai samu a'a ce.

Duk da haka, bindigar bayan fage ba ta zama mafita ba, kuma dalilin ya wuce tsoron kurkuku. Wanda ya saye ta ya sayi tarihinta da bai sani ba. Mai sayarwa zai rantse cewa ta gado ce, ko wani Balarabe ne ya bar masa jingina. Lambar da ke jikinta kuwa tana iya komawa ga rumbun sojan wata ƙasa, ko ga sansanin da aka kai wa hari aka kashe 'ya'yan mutane. In an goge lambar, wannan ma shaida ce a kan mai riƙe da ita. Ranar da aka kama ta, wanda aka samu da ita a hannu shi zai yi bayani, dillalin kuwa ya daɗe da sauya lambar waya. Sannan bindigar da aka saya don ɓarawon hanya tana kwana a gida, kusa da yara, kuma tana nan ranar da aka yi musu a kan rami ko a bakin rijiya. Rigimar da a da sanda ko takobi ke ƙare ta da rauni, yanzu sai a ɗauki gawa.

Ƙasashen yankin sun ga wannan tun da wuri. A Abuja, a 1998, shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka amince su dakatar da shigo da ƙananan makamai da fitar da su da ƙera su, a 2006 kuma suka mayar da hakan yarjejeniya mai ɗaure kowa, wadda ta soma aiki a 2009. Ta hana safarar makamai tsakanin ƙasashe sai da keɓantaccen izini, ta kuma gindaya wa farar hula sharuɗɗa: ya kai shekaru, ba shi da tabon laifi, yana da dalili karɓaɓɓe, ya koyi sarrafa makamin, yana da wurin ajiya da zai raba bindiga da harsashi, sannan a jira aƙalla kwana 21 kafin a ba shi. Nijar ta fice daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, amma wannan bai soke dokokinta na cikin gida ba. Wanda ya sayo bindiga a Sabha ko Tamanrasset ya shigo da ita ba izini, laifinsa biyu ne, na shigowa da na riƙewa.

Kudu ma haka abin yake. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, waɗanda babban sufeton 'yan sanda ke ba da lasisinsu, da bindigar toka ta maharba da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, sai 'yan sanda suka tunatar cewa an dakatar da ba da lasisi, kuma gwamna ba shi da hurumin ɗage hakan. Takardar Najeriya, ko da an same ta, ba ta aiki a Birnin Konni, balle a Agadas.

Maharba suna da nasu ƙarin nauyin. Izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban, na biyun yana ƙarƙashin dokar 1998 da jami'an gandun daji ke kula da ita. A gandun Ayar da Tenere, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991 ta kuma ayyana shi cikin haɗari a shekarar da ta biyo, mota mai gudu da bindiga mai sarrafa kanta sun yi wa barewa da jimina ɓarnar da maharbin da, mai tarko da kare, bai taɓa yi ba.

Akwai kuma bindigar da ba a saya ba, ba a sayar ba, wadda ake tararwa a ƙasan akwati bayan rasuwar uba, a naɗe cikin tsohon rawani. Magada kan lissafa ta cikin dukiya tare da gida da dabbobi, malam ya raba, ta faɗa rabon babban ɗa. A Amurka gado na cikin 'yan wuraren da dokar 1968 ta sassauta, magaji na iya karɓar bindiga daga wata jiha in dai doka ta yarda ya riƙe ta a inda yake zaune. A Nijar takardar, in ma akwai ta, sunan marigayi ke kanta. Abin da ya dace ɗan ya yi shi ne ya sanar da jandarma ko 'yan sanda, ya nemi izini da sunansa in irin wadda ake ba farar hula ce, in kuwa ragowar zamanin tawaye ce ya miƙa ta ga hukumar tattara makamai.